Sawun Tsuntsu

Yana tsaye gaban inji, ƙafar kujera na juyawa tana zubar masa da garin katako a kan takalmi, motar kamfani ta shigo da baya-baya har bakin rumfa. Kafintan bai ɗaga kai ba sai da ya ji Dogo mai fenti ya yi fito. Kujeru ne fal a motar, an kifa su, ƙafafu a sama kamar kajin da annoba ta kashe. Da ganin fentin ya gane su. Na gidan abincin nan ne da aka kai wa kaya watan jiya.

"Sarkin Ƙafa, ga talakawanka sun dawo gida," in ji Dogo.

Sunan ya bi shi ne tun da maigida ya rasu ɗansa ya karɓi kamfanin. Da, kafinta shi ke ɗaukar kujera tun tana katako har ta zama abin zama. Da yaron ya zo sai ya raba aikin: wani ya yanka, wani ya haɗa, wani ya goge, wani ya fesa fenti. Shi aka ba shi ƙafafu, shi da wani inji na biyu a can ƙarshen rumfa. Daga safe zuwa yamma ƙafa, gobe ma ƙafa.

A zamanin marigayi kowane kafinta yana da ɗan ƙarfensa da maƙeri ya ƙera masa. In ka gama kujera sai ka sa shi a wuta ya yi ja, ka danna a ƙarƙashin mazauni. Nasa layi uku ne da suka haɗu a wuri ɗaya, kamar sawun tsuntsu a kan laka. In mai saye ya zo yana yabon kaya, marigayi zai kifa kujerar ya duba, sannan ya ɗaga murya a tsakiyar rumfa ya ce mai sawun tsuntsu ya fito a ga fuskarsa. Sai ya goge hannu a jikin wando ya je a gaisa. Ranar ko abinci ba ya nema. Amma in wata ya ƙare marigayi ya kan yi wuyar gani, albashi ya zo guntu-guntu, da ban haƙuri da addu'a.

Yaron kuwa satinsa na farko ya sa aka tara ƙarafan a kwali aka kai sito, ya ce daga yau tambarin kamfani kaɗai za a liƙa. A watan kuma ya ɗaga albashi yadda ba wanda ya taɓa mafarki, kuma yana shigowa ta waya kafin ma a tambaya. Kafintan ya ce nasa ƙarfen ya ɓata. Yana nan cikin tsohuwar safa a ƙasan jakar abincinsa. Da rana, in kowa ya watse cin abinci, sai ya zagaya bayan rumfa inda maigadi ke dafa shayi, ya ari garwashi. Ba kowace ƙafa yake yi wa ba, sai wadda ta fito yadda ransa ke so. Kuma a tafin ƙafar yake dannawa, inda za ta taka ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Kafin a gama sauke kayan aka aiko cewa manaja, wato ɗan marigayin, na kiransa.

Ofishin gilashi ne, da sanyin na'ura mai shiga ƙashi. A kan teburin an kifa kujera ɗaya, ga sawun tsuntsu nan baƙi ƙirin yana kallon silin. Manajan ya miƙe ya gaishe shi, ya ce Baba ya zauna. Bai zauna ba, saboda garin katakon da ke jikinsa.

Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne a gidan abinci kullum sai an kifa kujeru a kan tebura kafin a goge ƙasa. Masu aikin wurin suka riƙa ganin alamar, yau a nan, gobe a can, ba a kowace kujera ba. Wata ta ce asiri ne masu gidan abincin da ke tsallaken titi suka sa aka yi don a kori ciniki. Magana ta yi girma, har wasu suka ƙi taɓa kujerun. Matar mai wurin ta ce ita ba ta yarda da wannan zancen ba, amma ba za ta zauna da kayan da ma'aikatanta ke tsoro ba, a zo a kwashe. Manajan, da ke ba shi labarin, ya ɗan yi dariya da ya zo nan, sannan dariyar ta ɗauke.

"Ban tambayi kowa ba, Baba. Na san hannun. Gadon da na tashi a kai, wannan sawun ne a ƙarƙashinsa. In an biyo ni da bulala can nake shigewa, in kwanta ina bin sa da yatsa."

Kafintan ya dubi kujerar da ke kife. Ya tuna gadon, har da kwanar da ya sha wahalar fitarwa.

Yaron ya ci gaba a hankali, ba faɗa. Ya ce yanzu ba mutum ɗaya ke yin kujera ba. In mai ƙafa ya sa nasa, mai fenti ma ya sa nasa ke nan, da mai gam, da direba? Ya ce ba zai taɓa masa albashi ba, ba kuma zai faɗa wa kowa a taro ba. Abu biyu kawai yake so kafin a tashi aiki: a goge alamar daga kujerun nan, ƙarfen kuma ya zo kan wannan teburin. In Baba ya ga ba zai iya rabuwa da shi ba, to zai fahimta, sai su rabu cikin mutunci.

Goge alamar ba ƙaramin aiki ba ne. Wuta ta ci katakon da zurfi, in ka goge ƙafa ɗaya har baƙin ya fita ta gajarce, kujera ta soma rawa. Dole ka bi sauran ukun ka rage su daidai, ka ajiye a kan siminti ka danna ka gani. Ya jawo benci ya zauna a bakin rumfa da sanfefa, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Wasu yana tuna ranar da ya yi su. Akwai wadda katakonta ke da jijiya mai kyau kamar igiyar ruwa, ya daɗe yana juya ta kafin ya sa hannu.

Da rana Dogo ya zo da kwanonsa ya zauna kusa da shi, yana ci yana kallo. Tare suka shigo kamfanin suna samari, don haka ba ya tauna masa magana. Ya ce shi fa bai ga abin dogon tunani ba. Ƙarfe ne, ba ɗa ba.

"Suna ake ci? Marigayi, Allah ya jiƙansa, ya yabe mu har muka rame. Ka manta shekarar da ka sayar da kekenka?"

Kafintan ya ce bai manta ba. Ya ce amma a wancan lokacin in ya shiga gidan biki ko ofis ya kan sa hannu a ƙarƙashin kujera kafin ya zauna, wani sa'in ya ji abinsa, ya zauna yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a baƙon gari. Yanzu in ya mutu, wa zai ce ga abin da ya yi? Ƙafa?

Dogo ya ce shi da ke fesa fenti fa, wa ya taɓa kifa kujera don ya nemi sunansa? Duk da haka yana kwana lafiya. Ya lashe cokali ya ƙara da cewa in yabo yake so, shi zai riƙa zuwa kowace safiya yana yi masa kirari kyauta. Kafintan ya yi murmushi don kada abokinsa ya ji kunya.

Ba wai bai san hanyar fita ba. Akwai abokin aikinsu da ya ƙi miƙa nasa ƙarfen tun ranar farko, ya kama rumfa a bakin titi. Yana ganinsa ta tagar bas kowace safiya, zaune cikin ɓallayen tagogi da ƙofofin da aka kawo gyara, wuyan riga ya yi masa yawa. Amma kujerar da ke gaban rumfar tasa ce tun daga ƙafa har majingina, kowa ya sani. Yana cikin wannan tunanin wayarsa ta yi ƙara.

Maman yara ce. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta tuna masa maganinta na hawan jini ya kusa ƙarewa, ya biya ya sayo. Ta ce Auta ta kira daga makarantar koyon jinya, an ba su farin kaya, ta turo hoto. Sannan ta ce don Allah yau kada ya tsaya hira da Dogo, ya dawo da wuri, akwai abin da za ta nuna masa. Ya tambaye ta mene ne, ta ce in ya zo ya gani. Muryarta na rawa da dariyar da take ɓoyewa. Ya daɗe bai ji ta haka ba. A shekarun baya ƙwayar maganin nan raba ta biyu take yi da wuƙa, ta ce ai likitoci sun cika zuzuta abu.

Ya mayar da wayar aljihu ya ɗauki kujera ta gaba.

Rana ta yi sanyi kafin ya gama. Ya jera su a kan siminti, ya bi su yana dannawa da tafin hannu, babu mai motsi. Ya wanke fuska a famfo, ya ciro safar daga jaka. Maƙerin da ya yi ƙarfen ya daɗe da rasuwa. Mariƙin katakon shi ya sa masa da kansa, ya yi baƙi ya yi santsi daidai inda babban yatsa ke zama.

Manajan ba ya nan, an ce ya fita ganawa da masu kawo katako. Sakatariya ce kaɗai, tana haɗa jakarta. Ya ajiye ƙarfen a kan teburinta ya ce saƙon manaja ne. Ta ɗaga shi da yatsa biyu ta juya, ta tambaye shi na wane inji ne ya karye. Ya ce ba na inji ba ne. Ta ce to wa za ta ce ya kawo?

"Ki ce mai ƙafa."

Ta jefa shi cikin durowa tare da makullai da tsofaffin batura, ta rufe.

A kantin magani ya sayi na wata guda cif, bai tambayi ko akwai mai sauƙi ba. A bas ya samu wuri kusa da taga, amma da suka zo daidai rumfar abokin nasa sai ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi.

Tun daga ƙofa ya ji ƙamshin sabon fenti, irin wanda Dogo ke fesawa. Maman yara ta tare shi ta karɓi ledar maganin, ta ce ya rufe ido, ya ce shi ya girmi wannan wasan. Ta ja hannun rigarsa zuwa falo. Sababbin kujeru ne a jere, ledarsu ma ba a gama cirewa ba, ga tambarin kamfani a liƙe a bayan kowace. Ta ce tun da aka yi ƙarin albashi take ɗan cirewa a kuɗin cefane tana ɓoyewa, ko Auta ba ta sani ba. Daga shagon kamfaninsu ta saya, don ta san can ne ba a ha'inci.

"Shekara da shekaru kana yi wa mutane abin zama, Baban yara, kai kana dawowa kan tsofaffi. Na ce wallahi sai ka zauna a kan sabuwa."

Ya duba kusurwar da tsofaffin suke zama. Su ya fara yi da hannunsa da za su tare, da ragowar katakon da marigayi ya bar masa. A jikinsu yaran suka koyi tsayuwa. Ya tambaye ta ina suke. Ta ce direban da ya kawo sababbin ya roƙa, ta ba shi, ai sun tare wuri. Ta ce har mamaki ya yi wai ko motsi ba sa yi. Ba ta san unguwarsu ba. Ta tsaya tana duban fuskarsa, murmushinta ya soma raguwa.

"Ko ba su yi ba?"

"Sun yi kyau," ya ce. "Allah ya saka."

Ta saki numfashi, ta ce bari ta kawo masa ruwa, ya zauna ya ji yadda suke.

Da ta shiga kicin ya durƙusa ya kifa ta kusa da shi. Tafin ƙafafun fari tas. Ya kifa ta biyu, ya kifa ta uku. Ya bi ƙafa ɗaya da yatsa daga sama har ƙasa, yana neman inda hannunsa ya saba ɗan lanƙwasawa. Mai yiwuwa tasa ce, cikin waɗanda bai ga sun isa a sa musu wuta ba. Mai yiwuwa kuma ta injin ƙarshen rumfa ce. Ya kasa ganewa.

Ya ji tafiyarta tana dawowa. Ya yi sauri ya mayar da kujerar kan ƙafafunta, ya zauna, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa.