Takalmin Firigo

"Wayyo, ya cije ni!"

Salamatu ta saki murfin firigon tana yarfe hannu, ƙullin ƙanƙara biyu suka gangara ƙasa. Mijinta Lawali na kishingiɗe a gindin dogon yaro da rediyo a kan ciki, bai ko ɗaga kai ba.

"Kin sa takalmin?"

"Na manta."

"To kin gani. Shi ma dattijo ne, ba ya son a zo masa ba shiri."

Ta harare shi, ta zura ƙafa cikin takalmin roba shuɗi da ke ajiye a gaban firigon, sannan ta sake buɗewa lafiya lau. Shekara huɗu ke nan dokar gidan ba ta canza ba. Duk mai son ruwan sanyi sai ya fara sa takalmin nan. Lawali ne ya ƙirƙiro dabarar, kuma yana alfahari da ita fiye da duk abin da ya yi a shekara ashirin da shida na aikin ofis a unguwar Filato.

Gidan na mahaifinsa ne, can bayan kasuwar Wadata. An ja masa wuta tun Lawali yana ɗan makaranta, lokacin da dukan kayan wutar gidan ƙwai uku ne da rediyo. Yau wannan tsohuwar wayar ce ke ɗauke da fanka huɗu, da talabijin, da dutsen guga, da ƙaton firigon da Salamatu ke sana'ar ƙanƙara da shi.

* * *

Bara Salamatu ta matsa, aka kira Isaka mai gyaran wuta. Ya taɓa wayar da ke bin bango, robarta ta marmashe a hannunsa kamar ɓawon gyaɗa.

"Baba, wayar nan ta girme ni. Kuma ba a binne wayar ƙasa ba, shi ya sa firigon ke juye wutar a jikin mutum. Sai an cire duka an ja sabuwa."

Ya leƙa akwatin da ke zaure, inda maɓallin yanke wuta yake. Wani guntun icce ne ya tokare shi.

"Wannan fa?"

"Yawan faɗuwa yake, ƙanƙarar tana narkewa. Sai na ba shi sanda ya dogara."

Isaka bai yi dariya ba. "Baba, faɗuwar ita ce aikinsa. Ranar da wuta ta riƙe mutum, shi zai yanke ta."

"Za a duba," in ji Lawali. Kalmomin da ya yi ta rubutawa ke nan a kan takardun bayin Allah har ya yi furfura, kuma ya fi kowa sanin ma'anarsu.

Shekarar ce ta bikin ƴarsu Rahina. Tsakanin waya da fenti, Lawali ya zaɓi fenti. Dangi za su zo daga Maraɗi, kuma bai taɓa jin wanda ya je biki ya dawo yana yabon waya ba. Gidan ya sha kore, an kuma yaba ƙwarai.

* * *

Wata Juma'a ce cikin watan huɗu, zafi har kwalta na laushi. Lawali yana fitowa daga ɗaki igiyar takalminsa ta tsinke, ga shi an kusa fara huɗuba. Salamatu na duƙe tana wanke simintin rumfa. Ya zura ƙafa cikin shuɗin takalmin.

"Malam, ka yi sauri ka dawo mini da shi. Ana saukowa masu ƙanƙara za su cika ƙofa."

"Yanzun nan."

Da aka sallame ya haɗu da tsofaffin abokan aiki, aka ɓarke da gardamar kokawa. Lawali bai taɓa kayar da ko akuya ba, amma ya tsaya rabin awa yana bayanin yadda ake kama ƙafa.

Tun daga kan kwana ya hango mata a ƙofar gidansa.

Maƙwabciyarsu Kadi ce ta sami Salamatu manne da murfin firigon, ƙafafunta cikin ruwan wanke siminti. Da taɓarya ta ture ta. Lokacin da Lawali ya shiga an riga an lulluɓe ta da zane, fankar rumfa kuwa tana ta juyawa a kanta, ko ƙyaftawa wutar ba ta yi ba.

* * *

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, Lawali yana amsawa da amin.

"Mu ma namu yana taɓawa," wani maƙwabci ya raɗa wa na kusa da shi. "Katako muka shimfiɗa."

"Mu famfo ne. Tsumma muke naɗawa."

Suka jinjina kai, kowa ya gamsu da tasa hikimar.

Rana ta uku da azahar, mutane sun ragu, Rahina ta zo ta durƙusa a gefen tabarmarsa. Idanunta sun kumbura.

"Baba, Isaka na ƙofa. Ya ce aikin wayar duka na kwana biyu ne." Ta dube shi. "Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Ko ta manta, ai da ta gan shi a gabanta za ta sa. Ina takalmin ya shiga ranar?"

Lawali ya dubi bakin tabarma. Yana nan cikin takalman masu gaisuwa, ɗaya a kife. Kwana uku yana shiga da fita da shi, babu wanda ya lura, don ba a kallon ƙafar wanda aka yi wa rasuwa.

Sai ya miƙe, ya tsallake takalman, ya bi ta tsakar gida inda siminti ke ƙuna, ƙafa ba komai, ya tafi buɗe wa Isaka ƙofa.