Kwatar da Mama Ta Ƙara

Da Auta ta kawo wa Baba kwamfuta, sai da ta ɗaure ta tamau. Aikinta ke nan a ofis, hana mutane taɓa abin da ba su iya ba, kuma ta san hannun mahaifinta: tsohon direba ne, in ya ga maɓalli sai ya latsa. Don haka ta bar masa kiran bidiyo da labarai, sauran duk ta kulle da lambar sirri.

Don jikarsa aka sayi kwamfutar. Yarinyar, 'yar Yaya, wan Auta da ke zaune a ƙasar waje, kowace safiya tana jiran kiransa kafin motar makaranta ta zo. Amma kullum sai motar ta tafi Baba yake kira. Har ta aiko da saƙo cikin kuka cewa Kaka ya daina sonta, ita ma ta daina jira.

Auta ta zo gida ranta a ɓace. Ta tarar da shi a falo, tabarau a karan hanci, yana harar allon.

"Baba, me ke faruwa? Mutumin da bai taɓa makara wurin aiki ba!"

"Tambayi wannan abar taki. Agogonta ba ya tafiya da na gida. Na je in gyara, ta ce wai ba ni da izini. A gidana!"

Auta ta duba. "Ai daidai yake, Baba. Daga intanet take karɓar lokaci."

"To, matsalar ke nan."

Ya nuna mata agogon bango, da na kan firij, da na hannunsa. Sai a lokacin ta tuna. Tun suna yara Mama take tura kowane agogon gidan gaba da kwata, wato minti goma sha biyar, don kada mijinta ya makara. Shi kuwa ya gano dabarar tun tuni, bai taɓa faɗa mata ba, sai dai ya riƙa cire kwatar a ransa. Mama ta rasu bara. Har yanzu duk agogon da ya kalla sai ya cire, har da na kwamfuta.

"Ka daina cirewa mana," in ji Auta, muryarta ta yi ƙasa.

"Na gwada, Auta. Ba na so in iya."

Tausayinsa ya kama ta. Ta jawo kujera, ta sa lambarta, ta ba shi izinin canza lokaci, ta kashe saitin da ke mayar da agogon daidai da kansa. A ofis da wani ya roƙi haka, da ya sha dogon bayani.

"Bari in tura maka."

"A'a, matsa. Mamanku ma da hannunta take yi."

Ya daɗe yana lalube kafin lambobin su matsa gaba. Washegari Yaya ya turo hoto: yarinyar da jaka a baya, tana dariya, fuskar Kaka ta cika allon.