Carbin Inna Batulu

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To ku gyara zama, wannan ba ta dawa ba ce, ta cikin gidan haya ce a Lugbe, inda jirgin sama ke katse wa mutum magana a baki.

"Inna, na farko kawai nake so," in ji Sumayyah, kwamfutarta a cinya, ta matso bakin katifa. "Sunansa da garinsu."

Inna Batulu ta ɗaga ido ta kalli silin. "Akwai wani dogo, mai tabo a goshi. Ko Musa ne? A'a, Musa ya fita tun bara. Bari dai."

Patricia, wadda duk gidan ke kira Maman Gift, tana tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na tsohuwar, ba ta taɓa ganin Inna ta nemi suna ta rasa ba sai da wannan ciwon zuciya ya kwantar da ita.

Ku tsaya in gaya muku wace ce Inna Batulu. Waina take soyawa a ƙofar wata kotu a cikin gari. Motar da ke kawo masu jiran shari'a daidai gefen tandarta take tsayawa, kuma ta ƴar tagar nan mai raga mutum zai leƙo ya ce, "Mama, ni ne wane daga gari kaza, mutanenmu ba su san inda nake ba." Ita kuwa da ta tashi sai tasha, ta nemi direban da ke bin hanyar garin ta ba shi saƙo. Wasu danginsu suka zo. Wasu shiru, shekara uku, shekara biyar, ba a yanke musu hukunci ba, ba a sake su ba. Waɗannan Inna ta riƙe a kanta, domin ba ta karanta boko.

Sumayyah lauya ce, tun tana sabuwar shiga take cin wainar Inna. Ita ta rubuta wa wata gidauniya ta masu hannu da shuni da ke tallafa wa masu neman adalci, ta roƙi a ɗauki nauyin lauyoyi don mutanen da aka manta da su. Bayan wata bakwai ana kai da komo, gidauniyar ta amince, da sharaɗi ɗaya: a kawo sunaye, da gari, da shekarar da aka kama kowa, kafin Juma'a. Idan Juma'a ta wuce, tallafin ya koma wata jiha. Ranar kuwa Litinin ce.

"Sun kuma ce suna son hotonki a gaban takardar," in ji Sumayyah.

"Hotona? Da wannan kumburarriyar fuskar? Alƙali zai gani ya saki wani ne?"

"A'a, Inna."

"To a bar shi. Maman Gift, miƙo kunun nan kafin ya yi sanyi, kin tsaya kamar gandiroba."

Sumayyah ta fito tsakar gida, ta zauna kan bokitin da aka kife, ta dafe kai. Suna biyu kacal ta samu, ɗayan ma ba gari.

Patricia ta daɗe tana wanke kwanon da ba ya buƙatar wanki. Akwai abin da ta sani, tana jin nauyin faɗa. Kullum bayan la'asar, ta cikin bango, takan ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana jero wani abu, ƴaƴan carbi na ƙaras-ƙaras. Ta san addu'a ce, don haka takan kunna rediyo, kada ta saurari abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Amma wani lokaci kafin hannunta ya kai ga rediyon, sunaye take ji.

"Lauya, ki rufe wannan injin naki," ta ce. "Gobe ni zan zauna."

Talata bayan la'asar ta shiga da littafin makaranta da biro. Inna ta yi sallarta a zaune, ta jingina da matashi.

"Mama, zan ji addu'arki yau. In ba ki yarda ba, in fita."

Inna ta dube ta a kaikaice. "Shekara nawa kina kunna mini rediyo a kai, yau ne kika tuna neman izini? Zauna. Amma kada ki tambaye ni komai, in kika katse ni sai na koma farko."

Ta kama ɗan carbi na farko ta rufe ido. "Allah ka fid da Yamusa ɗan Paikon Kore, da aka kama shekarar da ruwa ya ci gadarsu. Allah ka fid da Musaddiq na Funtuwa mai gyaran takalmi, shekarar canjin kuɗi." Ɗaya na bin ɗaya, ba gargada, kowane ɗan carbi da mutuminsa. Biron Patricia har zamewa yake. A na goma sha takwas numfashin Inna ya yi gajere, kanta ya karkata, barci ya ɗauke ta.

Laraba aka sake. Sumayyah, wadda ke laɓe bakin labule, ta raɗa wa Patricia, "Ki ce ta fara daga na goma sha tara."

Inna ta gwada. Ta riƙe ɗan carbin, leɓenta na motsi, ba abin da ya fito. "Ba ya zuwa ta tsakiya, ƴar nan. Sai Yamusa ya buɗe ƙofa." Ta koma farko, amma yau ko na goma sha biyar ba ta kai ba. Patricia ta gyara mata matashi, ta ga ƙafafun sun ƙara kumbura.

Ranar Alhamis Patricia ta bar shagonta na kayan masarufi a rufe. Da Inna ta idar da la'asar, ta zauna dab da ita, ta buɗe littafin.

"Mama, yau ki ajiye numfashinki. Ni zan kira na farkon, ke ki ja carbi ki ce amin. In mun kai inda na ƙare, ki karɓa."

"Ke da ko Fatiha ba ki iya ba?"

"Sunaye na iya. Allahn kuma ai yana jin Hausar garinmu Zonkwa."

Inna ta yi dariya har da tari. "Bismillah."

"Allah ka fid da Yamusa ɗan Paikon Kore," in ji Patricia.

"Amin." Ƙaras.

Haka suka tafi, ɗaya na kira, ɗaya na ja. Jirgi ya wuce ta saman kwano, suka jira shi. Da Patricia ta kira na goma sha takwas ta yi shiru, sai ta ji muryar tsohuwar ta ɗauka kamar wadda aka miƙa wa tulu a hanya: na goma sha tara, na ashirin, wata Nabilah mai aikatau a Gwarinpa, wasu ƴan'uwa biyu manoman doya. Murya na raguwa, Patricia na ƙara sunkuyawa, har kunnenta ya kusa taɓa bakin Inna. Sai da suka kai arba'in da ɗaya.

Yatsan Inna ya matsa kan na gaba. "Allah ka sassauta wa Fatirisha ƴar Markus ciwon gwiwa, ka ba Gift ɗinta aiki, ka sa ta daina cika gishiri a miya."

Biron ya tsaya.

"Wannan ba na gidauniya ba ne," in ji Inna, idonta a rufe. "Kada ki rubuta."

"Tun yaushe nake ciki, Mama?"

"Tun ranar da kika tare. Ce amin mana."

"Amin."

Kafin magariba Sumayyah ta aika da sunayen. Inna Batulu ta ci tuwo loma uku, ta tambaya ko an kwashe shanya. Da safiyar Asabar, Patricia ta shiga da kunu ta tarar ta cika, fuskarta na kallon gabas, carbin a hannu. Aka yi mata sutura kafin azahar. Direbobin tasha sun fi kowa yawa a jana'izar.

Tallafin ya fito bayan wata biyu, lauyoyi huɗu suka raba sunayen. Zuwa yanzu ashirin da shida sun koma gida, uku an tarar sun riga mu gidan gaskiya, sauran ana kan shari'arsu. Yamusa ya koma gona, ya aiko da doya shida, aka raba a gidan. Gift ta samu aiki a wani kantin magani. Sumayyah ta sa wata mata a wurin tandar, ta saya mata littafin rubuta sunaye. Ɗakin Inna wani tela ya kama.

Carbin kuwa, ƙanwar Inna da ta zo daga Zariya ta bar wa Patricia shi. Yana rataye a ƙusa, gefen rediyo. Bayan la'asar ba ta kunna rediyon.