Laka a Kofin Darakta

Shekara talatin da ɗaya Uwar Duwatsu ta yi a ma'aikatar binciken ƙasa ta gwamnati, tana tsintar duwatsu tana lasa. Eh, lasa. Wai sai dutse ya jiƙa da yawu ake ganin ƙwayarsa. Surukarta har ta koma ga Allah tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya auro akuya mai digiri.

Saura mata wata takwas ta yi ritaya, takardar ƙarin girmanta na ƙarshe tana kan teburin Darakta, sai ga maganar filin ƙanin matarsa. Gidaje ɗari biyu za a gina, ana jiran ta sa hannu cewa ƙasar za ta ɗauka. Ta je da ƙafarta, ta sa aka haƙa rami shida, ta dawo ta rubuta cewa laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, kafin damina uku bango zai tsage.

Darakta ya kira ta ofis. Har da ce mata Yaya, mutumin da ko gaisuwarta da hanci yake amsawa. Ya ɗan taɓa takardar ƙarin girman nan da yatsa, ya ce layi ɗaya kawai za ta gyara a rahotonta. A gida ma maigidan ya ce ta sassauta, wa ya taɓa ja da mai biro ya ci riba? Ta ce ta ji.

Ranar taro kan filin, ƙanin matar Darakta ya zo da injiniyansa mai bakin zuma. Ita kuwa ta zaro busasshen curin lakar filin daga jaka, ta jefa a kofin ruwan Darakta.

"Ranka ya daɗe, ku ci gaba. Ni yau ba ni da baki."

Injiniya bai kai rabin bayaninsa ba curin ya kumbura ya dagargaje, ruwa ya malalo kan taswirar gidajen. Kowa ya kama kallon silin.

"Kofi ɗaya ke nan ta sha," in ji ta. "Damina kuwa ba da kofi take zuwa ba."

Kwana biyu tsakani aka kawo mata takarda: babu ƙarin girma, an kuma mayar da ita sito, inda ake jibge tsofaffin duwatsu, ko fanka babu. Rahotonta dai yana nan yadda ta rubuta shi. Ta karanta a tsaye, ta tambayi tsohon masinjan da ya kawo ta ko har yanzu kwaɗon siton nan yana gardama. Ya ce sai abin da ya ƙaru. Ta ɗauki gudumarta ta fasa dutse ta yi gaba.