Rahoton da Kawu Velizar Ya Bari a Buɗe

Kwana tara da binne Kawu Velizar saƙon ya faɗo cikin kwamfutarsa, wadda har lokacin ba wanda ya yi ƙarfin halin kashewa. Boyana ce ta gani, don teburinta na manne da nasa. Na'ura ce ta aiko, ba mutum ba: idan mai wannan rahoto bai ce komai ba cikin kwana goma sha huɗu, za a rufe shi.

Rahoton kuwa babu wanda bai san shi ba a ofishin. Kamfaninsu na birnin Plovdiv ƙarami ne, mutum goma sha ɗaya a saman wani gidan burodi, suna rubuta manhajar da ɗakunan gwajin jini ke fitar da sakamako da ita. Ɓangaren da ke buga sakamakon a takarda ba su suka yi ba, sayensa suka yi daga wani babban kamfani na ƙetare. Bara aka wayi gari takarda tana cinye layin ƙarshe, ba kullum ba, sau ɗaya cikin dubbai. Wata tsohuwa ta koma gida da sakamakon da babu layin da ya fi kowanne muhimmanci, sai da ta kwanta asibiti aka gano. Ta rayu, amma ɗakin gwajin ya raba gari da su. Oga Stanimir ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya samu Velizar.

Velizar ya rantse ya maya cewa ɓarnar ba daga aikinsa take ba, daga kayan ƙetare take. Sai dai su waɗannan manyan kamfanoni ba su san rantsuwa ba. Ko kuka za ka yi musu, abu ɗaya suke nema: ɗan gajeren misali da za su kunna a tasu kwamfutar su ga ɓarnar da idonsu. Ya haɗa ya aika musu a cikin wannan rahoton. Wani Ondrej, mai amsa koken masu saye, ya mayar masa da layi ɗaya: mun gwada, a wurinmu lafiya lau yake aiki.

Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka ɗauke shi daga shugabancin aikin aka mayar da shi amsa waya, mutumin da ya koya wa rabin ofishin sana'a, har da Boyana. Wata goma sha ɗaya yana leƙa rahoton duk mako biyu yana rubuta "har yanzu tana nan", don kada na'ura ta rufe.

"Kawu, surukanka na ƙetare sun amsa kuwa?" in ji Zdravko abokin aikinsu, duk safiya a gindin injin kofi.

"Suna shawara," in ji shi, yana dariya.

Amma ya daina saukowa cin abincin rana tare da su. Daga baya zuciyarsa ta tsaya a tashar bas, ranar wata Asabar.

Boyana ta buɗe sabon rahoto da sunanta. Ko awa ba a yi ba aka rufe, wai maimaici ne, ta koma ga na farko. Ta koma ga na farko, aka ce mai shi kaɗai ke da ikon yin magana a ciki. Takaici ya kai ta ofishin Oga.

"Haba Boyana, mutum ya riga ya tafi, ki bar shi ya huta mana. Ai mun toshe ramin ta wata hanya."

"Oga, ba ramin ne ya dame ni ba. Ya mutu kowa na ganin shi ya kusa kashe tsohuwar nan. Matarsa ma a wurin jana'iza sai da ta ja ni gefe ta tambaye ni ko da gaske shi ne."

"Kika ce mata me?"

"Shiru na yi."

Oga ya shafa sanƙonsa. "Ranar Juma'a za a goge kwamfutar, sabon ma'aikaci na zuwa. Abin da za ki yi kafin nan, ni ban gani ba."

Ta ja kujerar Kawu ta zauna. Rahoton na buɗe da sunansa, ba ta buƙatar kalmar sirri. A ranta ta yanke cewa misalinsa na bara akwai inda ya kuskure, tunda ga shi an gwada bai nuna komai ba, don haka ta fara nata daga tushe. Kwana uku tana ƙirƙirar sunayen marasa lafiya na ƙarya tana bugawa, har kwandon shara ya cika. Ran Laraba da hantsi ta kama abin: idan suna ya yi tsawon da zai sauko layi na biyu, kuma sakamakon ya cika shafi cif, layin ƙarshe sai ya ɓace. Ta matse misalin ya koma layi goma sha takwas. Ta kunna sau goma, sau goma yana ɓacewa.

Ta aika da sunansa. Har gaisuwarsa ta ara, "Barkanku da aiki, abokai," tana ji kamar ta sa rigar mamaci.

Alhamis da la'asar amsa ta zo, doguwa, daga Ondrej.

"Velizar, kai ne da gaskiya. Ɓarnar tamu ce, gyara zai fita mako mai zuwa, kuma za mu rubuta wa kamfaninku. Akwai abin da ya kamata ka sani. Da na ga wannan, na koma na kunna misalinka na bara. Shi ma yana nunawa sarai, tun a karon farko. Gaskiyar magana, ban kunna shi ba a wancan lokacin. Rahoto sittin ne a gabana ranar, na danna amsar da muke da ita a ajiye. Don Allah ka yafe mini."

Ta karanta a fili. Zdravko ya ajiye kofinsa ya fita, Oga kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana ta cewa "Allah ya jiƙansa" kamar ba shi da sauran magana.

Ita Boyana ba murna ta ji ba. Ta gangara ƙasan rahoton ta nemo tsohon misalin, ta kunna. Daƙiƙa huɗu ya ɗauka. Wata goma sha ɗaya yana nan, ita kuma tana zaune kamu biyu daga mai shi, tana ba shi haƙuri, tana kawo masa banitsa, wainar cuku mai zafi, a ranta tana cewa tsufa ne. Nan kuka ya ƙwace mata.

Da ta share hawaye, sai ta rubuta:

"Ba Velizar ba ne. Sunana Boyana, ni ce a teburin kusa da nasa. Mun binne shi mako biyu da suka wuce. Na ga haƙurin da ka bayar, amma ba ni da ikon karɓa a madadinsa. Ni ma a lokacin ban kunna misalinsa ba."