Ta Ina Suka Shiga

Sumayya ta sauka daga Keke Napep a ƙofar masana'antar robobi da ke Kudenda, ta ratsa ma'aikatan da suka yi cirko-cirko, kowa ido a kan waya. Ita ta gina wa masana'antar shafin intanet bara. Yau an wayi gari hotunan bokitai da kujeru sun ɓace, an maye gurbinsu da zagin addini, kuma hoton rubutun har ya fara yawo a WhatsApp.

Manaja, Alhaji Zakariyya'u, yana tsaye jikin taga. Ko gaisuwarta bai amsa sosai ba.

"Malama Sumayya, yau Juma'a. Ki cire abin nan kafin a sauko daga masallaci."

Ta buɗe kwamfutarta. Ta fara rufe shafin gaba ɗaya, sannan ta shiga bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Masu kutsen sun binne nasu a cikin nata, da sunaye masu kama da na gaske. Ta goge, ta ɗora tsohon kwafin da ta adana, ta buɗe shafin don gwaji. Zagin ya dawo.

A waje muryoyi sun fara tashi. Wani yana cewa ai ɗan gida ne ya yi.

Sai can ta gano fayil ɗin da ke maido da rubutun, ɓoye a cikin hotuna. Ta cire shi, ta sabunta manhajar, ta sauya kalmomin sirri duka. Wannan karon bokitai suka fito, suka zauna.

Saura ta san ta ina aka shiga. Da ta duba, sunan da ta gani ya sa ta janye hannu daga kwamfutar: Filibus, dattijon nan ɗan Filato mai saka farashin kaya a shafin. Daga wata ƙasa mai nisa aka yi amfani da sunansa, alamar an yaudare shi da saƙon bogi an sace kalmar sirrinsa. Amma ta san mutanen ƙofa sunan kawai za su ji, ba za su tsaya jin sauran ba. Ta hango shi ta ƙofar ofis, zaune shiru, ya riƙe hularsa a cinya. Gidansa a unguwar Romi yake, kuma sai ya bi ta cikinsu zai fita.

"Wa ya yi?" in ji Alhaji.

"Daga ƙasar waje ne, Alhaji. Ga shaida, a nuna wa kowa."

"Ta ina suka shiga?"

"Ta wata kafa da ba a tsare ba. Na toshe ta."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ɗauki hularsa ya fita wajen ma'aikata.

Tana naɗe wayar caji Filibus ya leƙo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"'Yata, na gwada shiga shafin ya ƙi. Ko ta sunana aka yi kutsen?"

Sumayya ta zuge jakarta.

"Kalmar sirrin kowa na sauya, Baba. Zauna in nuna maka sabuwar."