Ramin Brandvold

Aili Koskela tana cika kwalabe da ruwan famfo sai rediyo ya sake cewa jiragen ruwan Rasha da ake zargin suna ɗauke da makaman nukiliya ba su juya ba, har yanzu Kyuba suka nufa. Kwalba ta suɓuce mata ta tarwatse a ƙasa. 'Yan matanta biyu, Helmi da Irja, suka ruga ƙarƙashin tebur suka rufe kai da hannu, yadda aka koya musu a makaranta saboda harin bam. Ubansu yana can tsakiyar tafki a jirgin dakon tama, babu ta yadda za a ji daga gare shi.

Ta share fasassun gilashin, ta zura kwat, ta nufi gidan maƙwabci.

Mista Brandvold mai kantin kayan gini shi kaɗai ne a layinsu ya haƙa ramin fakewa daga bam a bayan gida. Bara da yake zuba siminti har dariya aka yi ta yi masa. Yau ta same shi yana saukar da gwangwanayen wake ciki, gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin Oktoba. Bai bari ta gama roƙon ba. Ya ce shi da matarsa sun riga sun yi maganar, akwai wurinta da na yaran.

“Amma ban da tsohon,” ya ce, bai ɗago ba.

Tsohon shi ne Toivo, mahaifinta. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin tama na kamfani har aka kore shi saboda yajin aiki, kuma duk garin an san ɗan gurguzu ne. Kullum maganarsa ɗaya: ma'adinai na masu haƙar su ne, ba na wanda ke zaune a ofis a birni ba.

Aili ta ce mutumin ya haura saba'in, huhunsa cike da ƙura, ko jaridar 'yan gurguzun ya daina karantawa. Brandvold ya dire kwalin da ke hannunsa. Ya ce ubansa da riga ɗaya ya sauka ƙasar nan, da guminsa ya kafa kantin, kuma da mutanen Toivo ne ke mulki da tuni sun ƙwace shi, sun garƙame coci, sun hana kowa zaɓe.

“Su ne fa suka saita mana makaman nan, Aili. Ramin nan a filina yake, ni na haƙa. Ba zan zauna ina shaƙar iska ɗaya da shi ba.”

Ya sunkuya ya sake ɗaukar kwalin. Ta gane shi ma tsoro yake ji, kamar ita.

Da ta koma gida ta tarar da mahaifinta a kicin, ƙwayar sukari a haƙori, yana kurɓar kofi. Ta ce masa Brandvold ya yarda su zo dukansu.

“Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba,” ya ce. “Cewa ya yi ban da ni.”

Ya gyara zama ya ɗauko tsohuwar huɗubarsa, wai ta dai gani da idonta, a ƙasar 'yan jari-hujja hatta iskar ƙarƙashin ƙasa tana da mai ita, mai kanti ya rayu, lebura ya ƙone a waje. Yana cikin magana jiniya ta ɗauka daga wajen ma'adinai.

Irja ta fasa kuka. Aili ta dafa bango. Kofin ya zube a wandon tsohon, ya miƙe yana tari, ya rungumo yaran da hannuwa biyu yana waige-waige, babu wurin zuwa. Sai da ƙarar ta lafa suka gane ba ta hari ba ce, jiniyar canjin ma'aikata ce, wadda suke ji kowace rana.

Toivo ya koma kujera a hankali. Bai ci gaba da huɗubar ba. Can ya ce ta haɗa wa yaran barguna ta kai su yanzu, kuma ta yi wa Brandvold godiya da kyau.

“Kai fa, Baba?”

Ya yi kamar bai ji ba. Yana kallon tagar da ke fuskantar jajayen tsibin ƙasar ma'adinai.

“Garin nan duk leburori ne,” ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba. “Kina ganin can Mosko sun sani?”

Ta je ta haɗa bargunan.

Ta kai yaran, ta sa hannunsu a na matar Brandvold, ta yi godiyar. Brandvold ya riƙe mata murfin ramin yana jira ta sauka. Ta ce masa ya rufe, ita tana gida, ta juya.